Audugar Baba

Jiya na raka Inna Kantin Kwari siyan atamfa, kusan duk turmin da muka ɗaga daga Sin aka kawo shi, wallahi sai da jikina ya yi sanyi. Nan take na tuna Baba, Allah ya jiƙansa, shekaru yana noman auduga a wajen Funtua, in kaka ta yi mu yara ake sakawa cikin buhu mu yi ta tattakawa har ya cika dam, mu fito kai duk fari fat. Da masaƙu suka rinƙa rufewa ɗaya bayan ɗaya sai ya haƙura ya koma masara.

A lokacin ni na ɗauka ƙaddara ce kawai. Sai da na girma na san abin da ya faru a taron Ƙungiyar Ciniki ta Duniya, wato WTO, na Kankun a Meziko a 2003, inda Benin da Burkina Faso da Mali da Chadi suka tsaya kai da fata cewa tallafin da Amurka ke ba manyan manoman audugarta shi ke karya farashi a duniya, aka watse ba a daidaita ba. A bakin shingen taron nan wani manomi ɗan Koriya ta Kudu, Lee Kyung-hae, ya daɓa wa kansa wuƙa ya mutu don nuna adawa da WTO. Da can in na ga masu zanga-zangar adawa da taron WTO na 1999 a Siyatil ta Amurka sai in ce neman fitina suke, yanzu kam na daina faɗin haka.

Inna dai turmi biyu ta ɗauka, har muka iso gida ban iya ce mata komai ba.