Lambobin da ke jikin takardar kuɗin aikin babbar jijiya

A ɗakin ajiye fayil ɗin marasa lafiya nake aiki a nan Gombe, shi ya sa duk wanda ya dawo daga jinya a Dubai a unguwarmu ni yake kawo wa takardun kuɗi. Kowa jimilla yake dubawa. Ni kuwa lambobin gefe nake fara bi, don su ne suka haifi jimillar.

Ɗauki aikin aota, babbar jijiyar da ke ɗauko jini daga zuciya ta gangara ciki. Kaurinta kusan santimita 2 ne. Idan bangonta ya yi rauni sai ta kumbura, in kumburin ya kai santimita 5.5 likitoci kan ce a yi aiki tun ba ta fashe ba. A ICD-10, kundin lambobin cututtuka na Hukumar Lafiya ta Duniya, kumburin ɓangaren ciki da bai fashe ba I71.4 ne, wanda ya fashe I71.3. Lamba ɗaya ce tsakani, amma na biyun ceton rai ne cikin gaggawa, ga ledojin jini ga kwanaki a ɗakin kulawa ta musamman, kuɗin ba zai zo ɗaya ba.

Wannan sunan cuta ne kawai. Aikin kansa da tasa lambar, ta CPT, wadda Ƙungiyar Likitocin Amurka ta tsara. In an buɗe ciki aka ɗinka bututun Dacron, wani yadin roba, a gurbin da ya lalace, 35081 ne, in ta fashe 35082. In kuwa ta matsematsi aka zura bututun ba a tsaga ciki ba, dabarar da likita Juan Parodi ya yi amfani da ita a Ajantina a 1990, lambobin daga 34701 suke farawa tun 2018.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne likita ya rubuta "an gyara aota" ya sa hannu. Wane ɓangare? Ta fashe? Bututun ya tsaya a aota ko ya rabu zuwa ƙafafu biyu? Mai sa lamba bai shiga ɗakin tiyata ba, abin da aka rubuta shi ne idonsa. In ya yi kame-kame, masu inshora su dawo da takarda, iyali su shiga sintiri.

Don haka kafin ku baro asibiti ku karɓi rahoton tiyatar, ba rasit kaɗai ba. In rahoto ya ce ba ta fashe ba amma kuka ga I71.3 ko 35082, ku koma ofishin kuɗi tun ba ku hau jirgi ba, don gyara ta waya daga Gombe wahala gare shi.