Abin da allon Korfu ya koya mini

Wata goma sha huɗu na yi ina koyon gyaran tsofaffin zane-zanen coci a tsibirin Korfu na ƙasar Girka, kuma yanzu da nake haɗa kayana, allo guda ne har yau yake ci mini rai.

Zanen Mala'ika Mika'ilu ne a kan katako, an kwaɓa launinsa da gwaiduwar ƙwai kamar yadda aka gada, sai dai a kusurwar sama akwai gizagizai masu murɗewa da wani gini mai zurfi irin na Turawan Yamma. Ni kuwa na zo da karatun da ke cewa zanen Bizantiya, wato tsohon salon cocin Girkawa, a shimfiɗe yake, ba zurfi ba inuwa, don haka na yanke hukunci cewa wani ne ya yi ƙari daga baya. Haka na rubuta a rahoto, shugabar sashenmu ta sa hannu ko ɗaga kai ba ta yi ba. Na jiƙa auduga da sinadari na goga. Da na ɗaga hannu, shuɗi ya hau audugar, a ƙasa kuma ba wani tsohon zane sai farin alli, faɗinsa kamar farcen babban yatsa.

Ashe gizagizan nan na asali ne. Bayan da Daular Usmaniyya ta karɓe Kandiya, babban birnin tsibirin Kirit, a 1669, masu zanen Kirit da dama sun koma tsibiran da ke hannun daular Venis ta Italiya, ciki har da Korfu, inda salon Barok na Turawan Yamma ya riga ya shiga hannunsu. Theodoros Poulakis, wani mai zane ɗan Kirit wanda ya rasu a nan Korfu a 1692, yakan ɗauko tsarin zanensa daga hotunan da ake bugawa a Filandas, wani yanki na ƙasar Beljiyam ta yau, ya zuba shi cikin tsohon salo. Duk wannan na san shi a takarda, amma idona bai gane shi a kan katako ba.

A taron ma'aikata shugabar ta karanta kuskuren a gaban kowa, sai dai ba ta ambaci sa hannunta ba, ni ma ban tuna mata ba. Mai zuwa bayana ya nemi a haska allo da na'ura kafin ya taɓa shi, ya kuma ajiye kwafin kowace takarda da aka sa masa hannu.

Ni na cike gurbin da kaina cikin mako uku, da siraran layuka masu gogewa idan an so. Baƙi biyu da aka nuna musu allon ba su gano wurin ba.