Gwiwar roba a Davos

Daga Zurik na hau jirgin ƙasa zuwa Landquart, can na sauya zuwa jan jirgin nan mai siririn layi da ke ratsa duwatsu. Watan Disamba ne. Kafin mu isa Davos, garin da ke kan tudu mai tsayin mita 1,560, dusar ƙanƙara ta lulluɓe komai, iska kuma tana shiga har ɓargo.

Abin da ya kawo ni shi ne kwas ɗin ƙungiyar AO, wadda wasu likitocin Suwizalan, ciki har da Maurice Müller, suka kafa a 1958 don gyara yadda ake haɗa karaya da ƙarfe. Tun 1960 suke koyarwa a wannan gari.

Washegari da safe aka shigar da mu wani makeken zaure, tebura jere, mutum biyu-biyu. A gabanmu an ɗaure ƙashin ƙauri da maƙala, ga injin huda, ga ƙarafa da sukurori. Ƙashin na roba ne, kamfanin Synbone ya ƙera shi: bayansa da tauri, cikinsa kamar soso, kuma tun daga masana'anta aka fasa samansa, daidai inda cinya ke zama a kai. Ina ganinsa na gane shi. Irin karayar da 'yan babur ke zuwa mana da ita ce a asibiti, wadda idan ba a daidaita fuskar gaɓar ba, guringuntsi ya riƙa cinyewa, mutum ya ƙare da ɗingishi tun yana saurayi.

Na ɗaga ɓangaren da ya lotsa, na kafa waya, na ɗauki injin. A hudar farko na zarce. Bakin injin ya fito ta bayan ƙashin, farin gari ya zubo kan tebur. Malamin da ke zagayawa bai ce komai ba, sai ya ɗora yatsa a wurin da bakin ya ɓullo. Gabana ya faɗi. A jikin mutum, nan ne babbar jijiyar jini ke wucewa ta bayan gwiwa, kuma huda ta na iya jawo asarar ƙafa. Na sake, na kuma sakewa, har hannuna ya fara jin lokacin da sautin injin ke sauyawa gab da ya fasa bangon ƙashin na baya.

Roba ba ta zubar da jini, ba ta da tsoka da za ta tare maka gani, wannan gaskiya ne. Amma a wurinmu, inda ake gaggauta kai mamaci makwancinsa kuma samun gawar koyo ke da wuya, ina so ƙananan likitocinmu su yi irin kuskurena a kan wannan.

Ranar komawa na nemi izini aka bar min ƙashin. Na naɗe shi cikin rigar sanyi, har da ramin hudar farkon, don in nuna musu.