Kwana uku a bin Kogin Haɗeja, daga Tiga zuwa Nguru

A watan Nuwamba, bayan ruwan sama ya ɗauke, na yi kwana uku ina bin Kogin Haɗeja, domin na daɗe ina son ganin halin da ruwan da muke sha a Kano yake isa wurin mutanen gabas. Na fara da madatsar Tiga, wadda aka kammala a kan Kogin Kano a 1974, zamanin mulkin Audu Bako. Daga nan babbar magudana take kai ruwa gonakin Bunkure, Kura da Garun Malam, inda na tarar ana gyaran fangali domin alkama da tumatir. Kafin a kai Wudil, Kogin Kano yana haɗuwa da na Challawa, wanda shi ma aka datse kusa da Ƙaraye a 1992, kuma daga wannan mahaɗa ne ake kiransa Kogin Haɗeja.

Da na wuce Wudil na nufi Ringim, sai ƙasa ta sauya. Duwatsu suka ɓace, aka shiga shimfiɗaɗɗen fili mai yashi, inda tsofaffin jigayi suke jere da fadamu a tsakaninsu. A irin wannan ƙasa kogi ba ya da gaɓar da za ta riƙe shi, saboda haka yake rarrabuwa: reshe ɗaya ya yi wajen Kafin Hausa, sauran ya wuce Haɗeja ya sake rabuwa zuwa Marma da Burum Gana. Wannan rashin gangare ne ya sa ambaliyar 2022 ta daɗe a kwance a kan gonakin Ringim da Auyo.

Abin da ya fi tsaya mini a rai na gan shi ne a wani ƙauye na ƙasar Guri, inda wani dattijo masunci ya ɗauke ni a kwalekwalensa. Ba mu yi nisa ba kacala, wata doguwar ciyawar ruwa, ta rufe mu ta kowane gefe, tsawonta ya fi na mutum a tsaye, har sai da ya ajiye filafili ya koma tura jirgin da gora ta wata siririyar hanya da suka sare da lauje. Na ce, "Baba, da can ma haka wurin yake?" Ya nuna ruwan da gorarsa ya ce, "Ɗana, inda muke ɗin nan gonar shinkafar mahaifina ce. Da ruwa yakan zo da damina ya tafi da rani, yanzu ba ya tafiya."

Maganarsa ta yi daidai da abin da masana ruwa suka bayyana. Kafin a gina madatsun, kogin yakan cika ya malala a fadama, sannan ya janye ya bar danshin da ake noman rani a kai, ƙasa ta bushe, ciyawar ruwa ta mutu. Yanzu da ake sakin ruwa duk shekara, kacala ta samu wurin zama, tana tare laka, tana toshe hanyoyin ruwa, kuma a cikinta tsuntsayen jan baki suke kwana kafin su afka wa shinkafa da gero. A ganina ba daidai ba ne a yi lissafin amfanin Tiga da buhunan shinkafar Kura kaɗai, a manta da gonar wannan dattijo.

Na isa Nguru da yammacin rana ta uku. Tafkin garin, wanda aka sa shi tare da Marma cikin jerin Ramsar na wuraren dausayi masu muhimmanci a duniya a shekarar 2000, cike yake da tsuntsayen da suka fara isowa daga Turai domin guje wa sanyi. Masu banda suna jera tarwaɗa a kan wuta a bakin ruwa. A nan wani direba ɗan Gashuwa ya ce mini in na isa garinsu, yawancin ruwan da zan gani a Kogin Yobe na Jama'are ne, wanda ya taso daga tsaunukan Jos, domin na Haɗeja kaɗan ne yake tsira daga kacala da yashi ya kama hanyar Tafkin Chadi.