Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Famfon da Ba Ya Daina Ɗiga

Jama'a masu bibiyar wannan tarihi, barkanmu da sake haɗuwa. Makon jiya mun tsaya ne a kan ƙananan lalacewar gida da ke cin kuɗi a ɓoye, na kuma yi alkawarin za mu fara da famfo.

Kafin ka taɓa komai, auna asarar. Ajiye kofi mai awo a ƙarƙashin famfon na minti 10, sannan ka ninka abin da ya taru sau 144, domin minti 1,440 ne a kwana guda. Idan ka samu mililita 50, lita 7 da 'yan kai ke nan kullum, fiye da lita 200 a wata.

Sai ka goge famfon da busasshen ƙyalle ka duba inda ruwan yake fitowa, domin kowane wuri da maganinsa. Idan daga baki yake ɗiga bayan an rufe, wosha ce ta cinye. Idan daga ƙarƙashin mariƙi yake tsattsafowa lokacin da aka buɗe, zoben robar da ke jikin sandar da mariƙi ke juyawa ne ya saki. Idan kuma daga mahaɗar famfo da bututu ne, matsalar farin tef ɗin da ake naɗawa a bakin bututu ce.

Woshar nan wata 'yar roba ce mai faɗi a ƙarshen sandar da mariƙi ke juyawa. Duk lokacin da ka rufe famfo, ita ce take danne ramin da ruwa ke shigowa. Mafi yawan famfunan wanke hannu rabin inci ne, na baho kuma inci uku bisa huɗu, amma kada ka saya da ka. Ɗauki tsohuwar ka tafi da ita a gwada.

Rufe ruwa daga babban makulli, ka buɗe famfon har ya tsiyaye. Toshe ramin magudana da tsumma, don ƙaramin sukuru in ya faɗa ciki ya tafi ke nan. Ɓamɓare murfin da ke saman mariƙi, kwance sukurun da ke ƙasansa, zare mariƙin. Za ka ga babban noti na tagulla. Nan ne mutane suka fi yin ɓarna: suna sa sifana su ja da ƙarfi ba tare da sun riƙe jikin famfon ba, sai famfon ya juya gaba ɗaya, bututun ƙasa ya murɗe, ɗigo ya koma ambaliya. Riƙe jikin da hannu ɗaya, ka naɗa masa ƙyalle don kada ya karce, sannan ka juya notin saɓanin yadda hannun agogo ke tafiya.

Da sandar ta fito, kalli woshar. Za ka tarar da ita ta taurare, da zagayen rami a fuskarta, wani lokaci gefenta a yage. Kafin ka sa sabuwa, zura ɗan yatsa cikin famfon ka shafa wurin da take zama. In ka ji tsakuwa, wanke ta. In ka ji kaushi ko tsagi a ƙarfen, sabuwar wosha ba za ta daɗe ba sai an goge wurin da abin gyaran mazauni, ko a canza famfon. Yawanci abin da ke kawo wannan shi ne matse famfo da ƙarfin tsiya duk dare. Matsewar ba ta hana ɗiga, robar kawai take kashewa.

Zoben roba ma ka canza shi tunda ka riga ka buɗe. Shafa masa man silikon kaɗan. Kada ka sa Vaseline ko man inji, suna kumbura irin wannan roba. Wajen mayarwa, bar famfon a buɗe, ka ɗaure notin daidai misali, sannan ka saki ruwa a hankali don iska ta fita.

Farin tef kuma, ka fuskanci bakin bututun ka naɗa shi yadda hannun agogo ke tafiya, zagaye 4 zuwa 6, kana ɗan ja. In ka naɗa shi a juye, yana warwarewa yayin da kake ɗaurawa.

Famfon da kwata ɗin juyi kawai yake rufe shi ba shi da wannan wosha. Faifan tangaran ne guda biyu a ciki, kuma dukan ƙunshin ake cirewa a sa sabo. Ƙirga haƙoran kan sandarsa, ka kuma lura da ɓangaren da yake buɗewa, domin na ruwan zafi da na sanyi sukan saɓa.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu buɗe tankin masai mai zubar da ruwa ba tsayawa.