Saiwar da ta fito sau biyu, a ƙirga ta sau biyu

Ƙannena masu shirin WAEC da NECO, ga wani kuskure da ya ci mini maki har sau biyu kafin in gane kansa.

Ina aji biyu na babbar sakandare aka ba mu x³ − 3x + 2 = 0. Na saka 1, ta ba ni sifili. Na saka −2, ita ma sifili. Amma hankalina bai kwanta ba, domin an koya mana cewa idan ƙarfin x mafi girma 3 ne, saiwoyi uku ake nema, wato lambobin da in an saka su a gurbin x lissafin zai ba da sifili. Na yi ta gwada 2 da −1 da 3, takarda ta yi baƙi da goge-goge, lokaci ya tafi. Ashe ta ukun tana gabana. Da na raba lissafin da (x − 1), da na samu x² + x − 2, wato (x − 1)(x + 2). Ke nan lissafin duka (x − 1)²(x + 2) ne, kuma 1 ta fito sau biyu. Ƙa'idar da masanin lissafi Gauss ya kawo wa hujja a 1799 haka take ƙirga: kowace saiwa da yawan fitowarta, har da saiwoyin da ba sa kan layin lamba. Don haka in ka samu saiwa, raba, sannan ka sake gwada ta a kan abin da ya rage.

Na ɗauka na gama da ita, sai ta tare ni a zane. Na ja layina ya ratsa layin x a −2, ya sake ratsawa a 1 ya yi ƙasa. Malaminmu bai yi faɗa ba. Ya ce in saka 0, na samu 2. Ya ce in saka 2, na samu 4. "To, duka biyun suna sama, ta ina layinka ya bi ya sauka?" Na yi shiru. A wajen 1 layin taɓawa kawai yake yi ya koma sama, kamar ƙwallon da aka buga da ƙasa, saboda (x − 1)² ba ta taɓa zama ƙasa da sifili. Saiwar da ta fito sau 2 ko 4 tana taɓawa ta juya. Wadda ta fito sau 1 ko 3 tana ratsawa, sai dai mai sau 3 takan ɗan kwanta kafin ta wuce. A ganina wannan gwajin na lamba ɗaya a hagu, ɗaya a dama, ya fi haddar ƙa'idar amfani, don ko ka manta ka iya sake gano ta.

Sai kuma gaggawar soke x. In ka ga x³ = 4x², kada ka raba da x² ka ce amsa 4 ce kawai. Kwaso komai gefe guda, ka samu x²(x − 4) = 0. Sifili ma saiwa ce, kuma a nan sau biyu ta fito.