Ziyarar Garu, Tsohon Garin Dutse

Daga ƙauyenmu da ke ƙasar Takai na shiga motar haya zuwa Kwanar Huguma, inda hanya take rabuwa biyu, ɗaya ta miƙe zuwa Birnin Kudu, ɗayar kuma ta karkata zuwa Dutse. Lokacin kaka ne, an riga an girbe gero, dawa kuwa tana tsaye a gonaki. Tun kafin a kai gari ake fara hango manyan duwatsu a jere, da itatuwan dabino waɗanda aka san Dutse da su.

Yawancin baƙi ba sa wuce sabon gari, wato inda sakatariya da bankuna da manyan tituna suke, waɗanda suka samu bayan da gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta ƙirƙiro Jihar Jigawa a 1991 ta mai da Dutse babban birninta. Ni kuwa ɗan acaɓa na tsayar na ce ya kai ni Garu, tsohuwar unguwar da fadar Sarki take. Da muka fara hawa sai hanyar ta tsuke, gidaje suka matso da juna, duwatsu suka rufe ido ta kowane ɓangare. Duk wanda ya tsaya a nan zai gane dalilin da ya sa magabata suka bar fili suka zauna a wannan lungu, domin a zamanin yaƙe-yaƙe da harin mahaya dawaki, dutse ya ɗauke wa gari rabin aikin ganuwa.

Garin ba na jiya ba ne. Tarihin sarakunan Kano ya ambaci cewa Sarki Abdullahi Burja, wanda ya yi mulki daga 1438 zuwa 1452, ya auri 'yar Sarkin Dutse, kuma sarki irin na Kano ba ya neman surukuta a inda babu ƙarfi. Bayan jihadi Dutse ta ci gaba da zama ƙarƙashin Kano, yau kuma tana cikin masarautu biyar na Jigawa tare da Haɗeja da Gumel da Kazaure da Ringim. Sarki Nuhu Muhammad Sanusi ya riƙe sarautar daga 1995 har rasuwarsa a 2023, sannan ɗansa Hameem ya gaje shi.

Fada tana da ado da fenti masu ɗaukar ido, amma ni tsofaffin zauruka na cikin lunguna suka fi riƙe ni. A ƙofar ɗaya daga cikinsu na tarar da wani dattijo magini yana kwaɓa ƙasa. Na ce, "Sannu da aiki, Baba," ya amsa da "Maraba, ɗana," sannan ya shigar da ni ciki ya nuna mini rufin. Bangon na tubali ne, mai kauri daga ƙasa, yana sirancewa yayin da yake hawa. Sama kuwa ɗaurin guga ne: an jera gajerun azara na giginya, kowace ta ɗan zarce ta ƙarƙashinta, an ɗaure su an lulluɓe da ƙasa har suka haɗu a tsakiya suka ɗauki nauyin rufin ba tare da ginshiƙi ba. Giginya ake zaɓa saboda gara ba ta cika cin ta ba. Rana tana tsaka a waje, amma cikin zauren akwai sanyi irin na ruwan randa.

Abin da ya dame ni shi ne yadda ake shafe irin waɗannan gine-gine da siminti da sunan gyara. Dattijon ya bayyana mini cewa siminti ba ya kama jikin ƙasa, da zarar ya tsage ruwa ya shiga bayansa ba ya samun mafita, sai bangon ya riƙa ruɓewa daga ciki alhali fuskarsa tana nan sumul. A da, da makuba ake yaɓe, wadda ake samu daga kwasfar ɗorawa, kuma kafin kowace damina maigida yakan duba indararo da zankwaye ya toshe duk inda ya tsage. A ganina wannan ɗawainiyar ta shekara-shekara ce ta gundiri mutane, ba ƙasar ce ta gaza ba. Ga shi kuma azara ta yi tsada saboda an sare giginyu da yawa, yaran da dattijon ya koya wa aiki kuwa duk sun sauka sabon gari suna ɗora bulo, domin can ne ake biyan kuɗi kullum.